Battocin Nomau Mahaƙin Rijiya

Tahiru tafinta, kai ka riƙe battocin Nomau. Kai ɗin nan, ba wani ba. Guda ashirin da bakwai aka danƙa maka a Zangon Damagaram gaban shaida, aka ce ka mayar wa mai su, yau damina uku ba ka kawo ba. Ni Kaltuma ta Tudun Aduwa na faɗa, Malam Zakari ke rubutawa don a karanta a kasuwa, na kuma ce masa kada ya sassauta mini ko kalma ɗaya. Amma ba don kai na zaunar da malam ba, ba ka kai ba. Zan dawo kanka. Bari mutane su fara sanin wanda ka cuta.

Nomau taubashina ne, ɗan ƙanin uwata. Ya haura sittin, arba'in daga ciki a bakin rijiya ya yi su. Duk wanda ya bi hanyar da ta tashi daga Damagaram Takaya ta yi arewa wajen Damargu, in ya sha ruwa mai daɗi a ƙauye, ya tambaya wa ya haƙa, da wuya a ce masa wani ba Nomau ba.

Safiyarsa ɗaya ce kullum. In ya sallame asuba sai ya kurɓi kunu, ya saɓi dagi, ya rataya wata tsohuwar jakar fata. Yanzu ba ya cika shiga rami ba, gwiwa ta ƙi. Suma'ila ke shiga, abokin aikinsa, magidanci mai 'ya'ya biyar da ƙirji kamar turmi. Shi Nomau sai ya zauna a baki yana jan kwando. Duk lokacin da aka ƙara zurfin gaba guda, wato tsawon hannu biyu a buɗe, sai ya leƙa ya ce, "Suma'ila, aiko mini da gaisuwa." Suma'ila ya cika tafi da laka daga ƙasan ramin, ya sa a kwando daban.

Wannan lakar ba a zubar da ita. Nomau zai jiƙa ta a ƙwarya da ɗan ruwan kanwa har ta saki jiki, ya dama, ya tsiyaye, ya ƙara ruwa, ya sake tsiyayewa, yadda mace ke rege gero. Abin da ya kwanta a gindin ƙwarya bai fi cikin cokali ba, wani ɗan farin rairayi. Sai ya shanya shi a kan baƙin zane. Zanen nan na matarsa Shatu ne, kuma shekara talatin ke nan suna rigima a kansa.

"Malam, zanena fa?"

"Yana wurin aiki."

"To ka gaya masa in ya tashi aiki ina da biki."

In rairayin ya bushe, sai ya fito da wata 'yar kwalbar turare mai tumbi, wadda Rabi'u Bakano mai turare ya ba shi tun suna samari. Ya cika ta da ruwa, ya ɗora ido a kanta, sai ƙwayar rairayi ta kumbura ta yi kamar wake. Ya ɗauki ƙayar aduwa, ya taɓa ta a harshe, ya shiga tsinta ɗaya bayan ɗaya.

Ni da kaina na yi shekaru ina yi masa tsiya. Nakan ce, "Ƙato da kai, maza na haƙa kana tsintar kwarkwata a zanen matarka." Sai wata rana ya kamo ni ya ce, "Zo nan, mai bakin tsiya, sa idonki." Na duƙa. Wallahi sai da na ja da baya. Ashe ba rairayi ba ne. Gidaje ne na wasu ƙananan halittu, irin katantanwa, amma ɗari daga cikinsu ba su cika farcen ɗan yatsa ba. Kowanne da ginin sa, ɗaki kan ɗaki, ba wanda aka yi da ganganci.

Gida uku ya raba su, kowanne ya raɗa masa suna. Akwai wadda ya kira 'yar fura, don kamar dunƙulen fura ne huɗu ko biyar aka manne wuri ɗaya. Akwai mai kitso, siririya, ɗakunanta jere biyu kamar kitson da aka ja zuwa ƙeya. Akwai 'yar faifai, shimfiɗaɗɗiya mai kaifin baki. Ba don sha'awa kawai yake tsintar su ba. Tun yana saurayi ubansa ya yi wata biyu yana haƙa wata rijiya, ruwa ya fito zartsi, ko jaki ya ƙi sha. Uban ya ce haka Allah ya so. Nomau ya ce haka ne, amma ya ɗebi lakar ya ajiye. Daga nan duk rijiyar da ya haƙa sai ya duba abin da ke cikin lakarta, ya kuma riƙe irin ruwan da ta bayar. Da shekaru suka taru sai ya ga abin yana tafiya a kan hanya. In aka shiga baƙar laka, mai kitso ta cika ta, ƙanana-ƙanana kamar ba su ƙoshi ba, to ruwan da ke ƙasa zartsi ne. In aka shiga farin dutse mai laushi, 'yar fura ta fito da ƙiba, 'yar faifai na ratsa ta jefi-jefi, to a yi haƙuri a ci gaba, rairayi mai ruwan daɗi na nan ƙasa.

Abin da ya tsinta yakan zuba a batta, irin ta taba. Kowace batta da igiyar fata, ƙulle-ƙullen igiyar su ne zurfin da aka samo ta. Sunan garin kuwa da irin ruwan da ya fito, suna cikin kansa, ba a ko'ina ba. In ya je sabon rami ya ga abin da ya sa shi shakka, sai ya buɗe batta, ya jera tsoho kusa da sabo a kan zane, ya gwada. Battocin nan su ne littafinsa.

Mu a Tudun Aduwa mun ga amfaninsu da idonmu. Rijiyarmu ta farko ta rufta, aka fara sabuwa. An kai gaba goma sha huɗu, ba ko danshi, mazan gari suka zubar da igiya suka ce a bari. Mai gari ya ce, "Nomau, mun gaji, shuka ta matso." Nomau ya wanke lakar ranar, ya duƙa a kan kwalbarsa har hantsi ya yi zafi. Sai ya ɗago yana dariya, ya ce, "Ranka ya daɗe, sun yi ƙiba. Ba ni gaba biyu."

"Su wa suka yi ƙiba?"

"Mutanena. In gaba biyu ta cika ba ruwa, ka aske mini gemu a kasuwa."

Na ce, "Ni zan riƙe askar."

Gaba ɗaya da rabi aka ƙara. Suma'ila ya kwaɗa kira daga ƙasa, "Baba, ƙafata ta jiƙe!" Ruwan nan shi muka sha duk shekarar yunwar Kakalaba. Hatsi ya ƙare mana, amma ruwa bai ƙare ba, har baƙin da yunwa ta koro daga arewa suka sha. Gemun yana nan har yau, ya yi fari fat.

Kai ne, Nomau, mai sa a daina haƙa tun ba a sha wahalar banza ba. Wannan ma ya fi wuya, don ba mai son a ce masa ramin da ya yi kwana goma a ciki ba shi da amfani. An zage ka a garuruwa fiye da uku a kan haka, ka naɗe zanenka ka matsa gabas ko yamma, ka ce a fara nan. Daga baya su suka riƙa aiko maka da kaji.

Kafin yunwar da shekara ɗaya wani Nasara ya sauka garinmu a kan raƙumi. Ba kumandan ba ne, ba kuma mai karɓar komai ba, duwatsu kawai yake fasawa da 'yar guduma yana leƙawa. Muka sa masa suna Mai Madubi, don yana da wani madubin ƙarfe mai dogon wuya da ake kallo ta samansa. Tahiru ne tafintansa, da jar hula da takalmin soja. Mai Madubi ya iske Nomau duƙe a kan baƙin zane, ya tsaya, ya tambaya me yake yi. Tahiru ya ce masa tsafin ƙauye ne kawai, su wuce. Amma Nasaran ya riga ya durƙusa. Ya karɓi kwalbar turaren, ya leƙa, ya ɗago ya dubi Nomau, ya sake leƙawa. Ranar bai tafi ba. Kwana tara ya yi.

Kullum da hantsi su biyu a gindin aduwa, kai da kai, Tahiru a tsakiya yana juya magana yana hamma. Da Nomau ya fara sa ido a madubin ƙarfen ya ga 'yar fura ta yi girman ƙwan zabo, har da 'yan ƙofofi a jikinta, sai ya yi salati ya ce, "Shekara talatin muna tare, yau na ga fuskarki."

Sun yi gardama kuwa. Mai Madubi ya ware 'yar fura mai dunƙule huɗu gefe ɗaya, mai biyar gefe ɗaya, ya ce iri biyu ne, kowacce za a ba ta sunanta. Nomau ya kaɗa kai.

"Gaya masa gida ɗaya ne."

Tahiru ya ce, "Kai tsoho, mutumin nan a lakwal ɗin Faransa ya yi karatu."

"Na ji. Gaya masa dai."

Sai ya buɗe batta uku, ya yi ta tsinta har rana ta take. Ya jera su layi ɗaya a kan zane: ga mai huɗu, ga mai huɗu da ɗan ƙari kamar ƙurji, ga mai huɗu da rabi, ga wadda na biyar ɗinta ya kusa cika, ga mai biyar. Ya ce, "To ya nuna mini inda zai sa wuƙa ya yanka." Nasaran ya bi layin da madubi daga wannan kai zuwa wancan, ya dawo. Nomau ya ce, "'Ya'yan Shatu bakwai ne, wani dogo wani gajere, ɗaya ma bahago ne. Su ma waɗannan akwai masu naɗewa dama, akwai masu naɗewa hagu. Ban taɓa cewa bahagon ba ɗana ba ne." Shatu tana jin su daga bakin danga ta ce, "Da ka gwada." Mai Madubi ya sa aka juya masa maganar, ya yi dariya har hularsa ta faɗi, ya ɗauki alƙalami ya soke abin da ya rubuta.

Shi ma ya koya wa Nomau abin da bai sani ba. Nomau ya daɗe yana cewa ruwan Ɗufana ne ya bar halittun nan a ƙasarmu. Mai Madubi ya ce ruwa dai kam ruwa ne, teku ce ta taɓa kwanciya a nan tun ba a san zamani ba. Ya ce danginsu suna nan da rai har gobe, suna yawo a saman teku, ruwa na kai su inda ya so, in sun mutu gidajensu su yi ta sauka ƙasa kamar ƙaiƙayi, su taru su zama farin dutse. Ya fito da wata kwalba mai ɗan rairayi da aka ɗebo daga gindin teku a zamaninmu, ya zuba a kan zanen Shatu, ya ce Nomau ya raba.

Nomau ya lashi ƙayarsa. Nan da nan ya ware wasu ya ce, "Waɗannan jikokin 'yar fura ne, ga hancin gidan." Ya ware wasu shimfiɗaɗɗu, ya daɗe a kansu, ya ce, "Wannan ta yi kama da 'yar faifai, amma ba ita ba ce, shigar kawai ta ara." Sai ya yi ta tono, ya yi ta tono. Can ya ce, "Ina mai kitso?" Nasaran ya ce irin waccan ta ƙare tuntuni, sai dai a cikin dutse. Nomau ya ajiye ƙayarsa. Shekara da shekaru in ya gan ta ransa ɓaci yake, don ita ke kawo masa labarin zartsi. Ranar kuwa sai ya ce, "Allah sarki. Ashe marainiya ce nake ta zagi."

Da Mai Madubi zai tafi ya roƙi aron battocin, ya kai su Damagaram ya zana su a takarda a tsanake, ya dawo da su bayan damina. Nomau ya ba shi duka, bai rage ko ɗaya ba. Na ce masa, "Wawa, ka ba baƙo idonka." Ya ce, "Mutumin da ya soke rubutunsa saboda maganata ba zai ci amanata ba." Kuma bai ci ba, wannan zan faɗa don Allah. Yunwa ta tsare hanya, bayanta yaƙinsu da Jamus ya tashi, aka kira shi gida cikin gaggawa. Kafin ya hau raƙumi ya je Zango, masaukin Rabi'u Bakano, ya ƙirga battocin ashirin da bakwai a gaban Rabi'u, ya danƙa wa Tahiru, ya ce a kai wa Nomau hannu da hannu. Rabi'u na nan da ransa, a tambaye shi.

To ga abin da Tahiru ya yi. Kwana tara ya zauna tsakanin mutanen nan biyu, kowace kalma ta bakinsa ta bi, amma ko sau ɗaya bai sa ido a kwalbar ba. Shi a tunaninsa rairayin da ke cikin battocin magani ne na kiran ruwa. Sai ya je Garin Maje, inda 'yata Wasila ke aure, ya ce wa mai garinsu asirin Nomau yana hannunsa, kuma Nasara ya ƙara masa nasa. Ya zaɓi wuri mai inuwa, ya juye batta takwas a ƙwarya ɗaya, ya dama da ruwa, ya yayyafa a ƙasa, ya ce a haƙa nan. Aikin shekara goma sha biyar na bawan Allah, ya yayyafa wa tururuwa. Mazan garin suka yi kwana arba'in a rami. Ruwa ya fito, Wasila ta dafa wake da shi tun safe har la'asar bai nuna ba. Akuya ta shinshina ta juya. Rani guda matan garin suna tafiyar rabin yini da tulu a kai, Wasila da tsohon ciki.

Da labari ya iso, ni na yi ta zage-zage. Nomau kuwa jakarsa ya ɗauka, ya kira Suma'ila. Ya je ya ɗebi laka a tsibin da aka zubar, ya wanke, ya duba, ya ce, "Tun gaba shida mai kitso ke ce musu ku tsaya, ba wanda ya ji ta." Ya zagaya garin kwana biyu, ya sa aka fara wani rami a yamma da masussuka. Yau Garin Maje ruwan daɗi suke sha, jaririn Wasila ma da shi aka yi masa wanka. Ban taɓa jin Nomau ya ambaci Tahiru da mugun baki ba. Sau biyu ya taka har Zango neman kayansa, sau biyu aka ce masa ya dawo gobe. Ya dawo gida ya ce, "Ƙila kunya yake ji." Na ce, "Kunya? Wannan?" Ya ce, "Kaltuma, ke dai da a ce bakinki dagi ne, da ba na bukatar Suma'ila."

Haka yake, ransa a kwance. Yana cin tuwonsa, yana tsokanar matarsa, yana zama a bakin rami. Amma ni ina ganin abin da ba ya faɗa. Yanar ido ta rufe masa idon hagu, na dama ma ya fara hazo. Yanzu sai ya kai kwalbar har ta taɓa girarsa. Ya so ya sake tarawa daga tsoffin tsibin laka, ya iske damina ta cakuɗa sama da ƙasa, kuma ƙafarsa ba za ta zaga garuruwan nan duka ba. Suma'ila ya iya wanke laka, ya iya riƙe ƙaya, amma wannan sani ba a ba da shi da baki. Sai an jera an ce, ka ga wannan, daga gari kaza, ruwanta kaza, ka ga waccan. Batta goma sha tara suka rage a hannun Tahiru. Mutum ɗaya ne a duniya ya san wacce ce wacce, kuma ido ɗaya ya rage masa.

Nomau, na yi shekara sittin ina zaginka, yau ka ji wata magana daga bakina, kada kuma ka saba. Mun gode. Kai ne ka sa mata suka daina kwana da ciwon wuya a garuruwan nan. Kai ne ka duƙa ka kalli abin da kowa ke takawa har ya yi maka magana. Allah ya ƙara wa idonka kwana, ya sa ka sha daga tafkin Annabi yadda ka shayar da mu. Shatu, ke ma mun gode da zanen. Ku kuma masu haƙa, na Hamdara da na Dogo da na ko'ina, ko ƙasarku ba ta da irin halittun nan, tana da nata alamu. Ku riƙa ɗiban laka kuna dubawa, kuna riƙewa, in kun ga za a yi wahalar banza ku faɗa ko za a zage ku.

Saura kai, Tahiru. Ranar kasuwar Damagaram Takaya ta farko bayan an yanke gero, ka zo da batta goma sha taran nan, ka sa su a hannun mai su, Rabi'u na tsaye, Suma'ila na tsaye. In ba ka zo ba, jakina ya san hanyar Zango, zan zauna a ƙofar gidanka in yi ta faɗin wannan magana ga duk mai wucewa har ka fito. Wasila ta cika mini tulu daga rijiyarka ta Garin Maje, na toshe bakinsa na ajiye. Mazan da suka yi kwana arba'in a raminka za su zo, matansu ma za su zo. Za a zuba maka ƙwarya guda. Ka shanye a gabansu, ka goge bakinka, sannan ka gaya mana, da Hausa ba da Faransanci ba, wa ya ba ka izinin zubar da takwas ɗin.